Akwati a Gurbin Jarka

Tafiyar Libiya wahala ce, ba ni da wata kalma da ta wuce wannan. Shekara biyu da wata bakwai na yi a can. Na tafi da ƙarfina, na dawo da ciwon baya da giɓin haƙora biyu. Wasu in sun dawo sai su zauna a tasha suna ba matasa labari kamar yawon buɗe ido suka je. Ko ƙarya suke yi, ko kuma wata Libiyar daban Allah ya ba su. Ni dai ga tawa. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, don haka yadda maganar ta zo mini a baki haka zan rubuta ta.

Sunana Lawal. Ƙauyenmu yana tsakanin Kafur da Danja, noman masara da auduga na gada. Abin da ya fitar da ni daga gida kowa a yankin nan ya san shi, ba sai na tsaya bayani ba.

A Agadas na haɗu da Yaya Garba, Allah ya ji ƙansa. Ba mu haɗa jini ba. An tara mu a wani gida muna jiran mota, mutum ya fi arba'in, sai na ji wani dattijo yana yi wa mai shayi tsiya, wai sikarinsa ba shi da ɗanɗano, da mazarƙwaila ce da an sha shayi.

Na ce, "Malam, daga ina?"

Ya ce, "Daga inda ake rake na gaskiya."

Na ce, "Danja ke nan."

Ya ajiye kofin ya dube ni sosai. Ashe tsakanin ƙauyensu da namu tafiyar awa biyu ce a ƙafa. Mun sha cin kasuwa ɗaya ba mu san juna ba, sai da muka zo ƙasar wasu. Ya girme ni da shekara goma sha biyu. Tun ranar ya ce ya yi ƙane, ni ma na kama ce masa Yaya.

A Libiya, Sabha muka fara sauka. Wanda ya karɓe mu Bahaushe ne ɗan'uwanmu, ana ce masa Alhaji, ko da yake ban ga alamar ya taɓa ganin Makka ba. Ya ce aikin gadi ya samo mana, gida mai fanka. Da mota ta tsaya sai muka ga gonar albasa da tumatir, ba gari kusa, ba inuwa. Yaya Garba ya ce, "Lawal, mun gudo daga fartanya, mun tarar ta riga mu zuwa."

Wata biyar muka yi a gonar. Makaroni da safe, makaroni da marece. Duk ƙarshen wata mai gonar ya ɗaga hannu ya ce bukra, wato gobe. Har muka bar wurin goben ba ta zo ba, bargo ɗai-ɗai muka fita da shi. A nan ne zazzaɓi ya kayar da ni, kwana goma sha ɗaya ban tashi ba. Dokar wurin, wanda ya kwanta a kai shi bakin titi a ajiye. Yaya Garba ya riƙa yin aikinsa ya yi nawa don kada mai gona ya lura. Yana da wani ɗan ƙulli na kuka da daddawa da ya taho da shi daga gida, sai ranar Juma'a yake taɓawa. Da na kwanta ya kwance shi duka ya yi mini miya kwana uku a jere. Ƙanshin daddawar nan ya sa ni hawaye, ina namiji babba. Yaya Garba ya fita ya ba ni wuri.

Daga nan Tarabulus. Can leburanci muka yi. Da safe ka zauna ƙarƙashin gada da shebur a gabanka, mota ta tsaya, mutum ashirin su rufe ta, a ɗauki biyu. Ka hau bene hawa biyar da buhun siminti, ka sauko, ka sake. Wani ya biya ka, wani ya nuna maka bindiga. Haƙorana a can suka zube, wasu samari suka tare ni za su karɓi waya, na yi gardama. Amma ba zan ci haƙƙin kowa ba, akwai mutanen kirki. Wani tsoho mai gidan burodi a layinmu kullum sai ya rataya mana leda a jikin ƙofa, bai taɓa tsayawa an yi masa godiya ba.

Maiɗakina Rabi ba ta taɓa roƙona komai a waya ba. In na kira sai ta ce yara lafiya, akuya ta haihu, an yi ruwa. Wata rana ta ce mijin yayarta, wani Alhaji mai sayar da hatsi a Funtuwa, ya dawo daga Umra, ya kawo wa yayar akwatin ajiye sarƙa mai madubi. Ba da wata manufa ta faɗa ba, labari take ba ni. Amma ni maganar ta zauna mini. Na tuna shekara goma sha tara muna tare, a tsohon gwangwanin madara Rabi ke ajiye 'yan kunnenta. Na ce wa kaina ba zan shiga ƙauye da leda a hannu kamar wanda aka sako daga gidan yari ba.

Wata Juma'a bayan masallaci muka ratsa tsohuwar kasuwa, sai na ga wani shago. Mai shi wani tsoho ne mutumin Sham, yaƙi ya koro shi, yana zaune da tabarau yana manna wani abu. Akwatuna jere a bayansa. Da farko na ɗauka fenti ne a jikinsu. Da na matsa na shafa sai na ga icce ne, ƙanana-ƙanana, wani bai fi ƙwayar dawa ba, an yanka an jera fari da ja da baƙi da ruwan ƙasa, sun ba da taurari cikin taurari, kuma hannunka ba zai ji gaɓa ko ɗaya ba. Ni manomi ne, ban san ana yi wa icce haka ba.

Yaya Garba ya fi ni jin Larabci, shi ya riƙa fassara. Tsohon ya ce farin iccen lemo ne, mai ruwan ƙasa zaitun ne, baƙin daga wajen Sudan ake kawo shi. Ya ɗora yatsa a kan jan, ya nuna mu, ya ce wannan daga ƙasarku. Ya miƙo mini guntu na sunsuna. Maɗobiya ce. Akwai ɗaya a bakin gonar mahaifina da masu inji suka sare suka loda a tirela ina kallo. Ashe ita ma ta fito ci-rani, ta kuma fi ni samun daraja.

Akwatunan kashi uku ne: ƙarami kamar tafin hannu biyu, sai matsakaici, sai babba. Babban tsayinsa ya haura kamu ɗaya. Yana da murfi mai madubi, da durowa biyar, da ƙofa biyu a gefe inda ake rataya sarƙa, cikinsa an shimfiɗa jan karammiski. In ka buɗe ƙanshin icce ya bugi hancinka.

Juma'a uku ina komawa shagon nan. Kullum in ɗauki ƙaramin, in juya, in ajiye, idona na kan babban.

Yaya Garba ya ce, "Wai Rabin nan zinarenta buhu nawa ne?"

Na ce, "Yaya, ka bari."

"A'a, tambaya nake. Don wannan ko jariri aka sa ciki sai ya miƙe ƙafa. Ɗauki ƙaramin, ka jefa a jaka, ka manta da shi har gida."

Na ce, "Ƙaramin wa zai gan shi?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yauwa, yanzu ka yi magana. Ashe ba na Rabi ba ne, na maƙwabta ne."

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Shi kansa mai shagon ya tambayi ta ina za mu koma, jirgi ko ƙasa. Da Yaya Garba ya ce masa sahara, sai ya girgiza kai, ya janye babban ya turo mini matsakaicin, alhali a babban ya fi samun riba. Na mayar masa. Mutum biyu suka hana ni, ɗaya Yayana, ɗaya mai kayan, na ƙi ji. Tsohon ya naɗe shi da bargo, ya rataya mini ɗan makullinsa a wuya da zare, ya yi mana addu'a.

Ba a yi wata biyu ba muka yanke shawarar komawa gida. Kame ya yi yawa, kuma ƙafafun Yaya Garba sun fara kumbura, wani mai kemis ya auna shi ya ce jininsa ya hau. Ba mu da takarda, don haka hanyar da ta kawo mu ita za ta mayar da mu.

A Gatrun, can kudancin Libiya, ake hawa babbar motar da ke ratsa sahara zuwa Agadas. Lokacin zafi ya fara. Ga yadda ake yi: kayan 'yan kasuwa a ƙasa, katifu da buhuna, mutane a sama, jarkokin ruwa rataye gefe da gefe. Kowa jarka biyu, a naɗe da buhun algarara don ruwa ya yi sanyi, a rubuta suna da fenti. Direban Batube ne, ba ya dariya. Ya ce kowa jaka ɗaya da zai rungume, da jarkokinsa biyu. Wanda ke da ƙarin kaya ya biya kuɗin mutum guda ko ya bar su. Ni abin da ya rage mini na mota ne daga Agadas zuwa gida.

Yaya Garba ya ce in sayar da akwatin, ko nawa aka taya. Na ce to. Na fita da shi na zauna bayan wani gareji, na dube shi, na dubi jarka. Girmansu kusan ɗaya. Na so in ce shaiɗan ne ya tsara mini abin, amma kada in ɗora masa, ni na tsara. Na samo fasasshiyar jarka na yanke samanta, wajen baki da mariƙi, na ɗora a kan akwatin, na naɗe duka da buhu na ɗinke da basilla, bakin yana leƙe. Na rubuta sunana da jan fenti. Ni da kaina na hau na rataya shi kusa da jarkata ta gaskiya. Na ce wa kaina kwana biyar ne, a zuwa ma ban shanye biyun ba, zan riƙa tattali. Yaya Garba kuwa na ce masa na ba wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, zai taho da shi a wata mota. Ya ce, "Ka kyauta wa kanka."

Kwana uku muka yi lafiya, sai dai motar na yawan zafi, direba ya karɓi ruwa wurin kowa ya zuba mata. A rana ta huɗu, mun wuce Madama ba mu kai Dirku ba, ta yi wata ƙara daga ƙarƙashi ta tsaya. Direba ya shiga ya fito, hannu baƙi, ya ce wani ƙarfe ya karye. Ya yi waya da irin wayarsu ta sahara, ya ce ɗan'uwansa zai kawo. Aka ce yaushe, ya watsa hannu.

Wurin ba icce, ba dutse. Inuwa ɗaya ce, ƙarƙashin mota, ita ma sai an yi faɗa. Kowa ya sauko da jarkar da yake sha ya rungume. A can ba a haɗa ruwa, ba a roƙo, kowa nasa. Kwana biyu da tsayuwarmu tawa ta ƙare. Na jijjiga, na kifa a baki, ba ko ɗigo.

Yaya Garba ya ce, "Hau ka sauko da ɗayar mana."

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake faɗa. Na matsa kusa da kunnensa na gaya masa.

 Ya kalli buhun da ke rataye da sunana a jiki, ya kalle ni. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Abin da ya ce kawai, "Lawal, Lawal." Sannan ya jawo jarkarsa tsakaninmu ya ce, "Kada ka bari kowa ya ji. Mutanen nan ƙishirwa ta fara taɓa musu kai."

Murfin flas ɗinsa ya zama ma'auni. Ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya da magariba, shi ɗaya ni ɗaya.

Akwai wani ƙato mutumin Damagaram, Ɗan'azumi, wanda nasa ruwan ya kusa ƙarewa. Shi ya lura. Washegari ya tsaya a kanmu ya ce da ƙarfi, "Kai ɗan Najeriya, ba ka jin tsoron Allah? Kana shanye ruwan tsoho, taka cike tana rataye? In ba ka so, mu muna so." Mutane suka fara miƙewa. Ya kama igiya ya hau.

Na san in ya farke buhun nan ya ga madubi da karammiski, ba zan kai Agadas ba.  Yaya Garba ne ya tashi zaune ya ce, "Kai yaro, sauko. Fasasshiya ce, tun rana ta farko ta tsiyaye, a idona. Tsummokaranmu muka cusa ciki. Jijjiga ka ji in akwai ruwa."

Ɗan'azumi ya jijjiga, ya kara kunne. Ba motsin ruwa. Ya yi tsaki ya sauko. Mutumin da ban taɓa ji ya yi ƙarya ba ko a wasa, ranar ya yi ta saboda ni, har da cewa a idonsa.

Sai a rana ta biyar da tsayuwarmu na gane abin da Yaya Garba yake yi. In ya zuba nawa ya cika murfin, in zai zuba nasa sai ya juya mini baya. Na leƙa na ga ko rabi bai kai ba. Na ce, "Yaya, mene ne haka?" Ya ce, "Tsoho ba ya shan ruwa da yawa. Kai ke da ƙananan yara." Ga abin da ya fi damuna har yau. Sau ɗaya na yi gardama, da ya miƙo mini murfin na karɓa na shanye. Da magariba ma na karɓa. Ina sane.

Fitsarinsa ya koma kamar shayi, daga baya ya ɗauke. Ranar da ƙarfen ya iso, kwana shida da tsayuwarmu, ba ya gane mutane sosai, yana kirana da sunan ƙanensa. Ni na goya shi na hau da shi mota, na riƙe shi har Dirku, inda muka samu rijiya. Ya sha, ya amayar. A Agadas likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, dama ga hawan jini, ƙishirwa ta ƙarasa. Ya ce a yi maza a kai shi babban asibiti. Muka biyo ta Maraɗi da Jibiya. A Katsina ƙanensa Sale ya tarye mu ya wuce da shi. Ni kuma na hau motar Malumfashi da buhu a cinya.

Abin da na so ya faru. Da na farke buhun a tsakar gida mata suka cika gidan, har daga unguwar gabas. Rabi ta rufe baki da mayafi, ta ƙi taɓawa sai da ta wanke hannu. Wata ta ce ko a gidan Alhajin Funtuwa babu irinsa. Rabi ta juye gwangwaninta: 'yan kunne ƙafa uku, sarƙa ɗaya da ta koɗe, da zobe. Duka ba su cika durowa ɗaya ba. A sauran ta sa katin rigakafin yara da katin zaɓe. Ta ɗora shi a kan kabad ta rufa masa farin ƙyalle. Har aronsa aka zo yi don a ɗauki amarya hoto.

Ni kuwa ɗakin ya gagare ni zama. In na shiga, ƙanshin iccen nan sai ya busar mini da maƙogwaro. Na koma cin abinci a zaure, Rabi ta ɗauka Libiya ce ta canza ni.

Wata biyu da rabi ban je gaida Yaya Garba ba, alhali a babur ko rabin awa ba a yi. Ya kira ni sau huɗu, ina kallon wayar har ta katse. Na biyar Rabi ce ta ɗauka. Ta same ni a zaure ta ce, "Malam, mutumin da ka ce ya yi jinyarka a can shi ke kwance, kai kana nan zaune? Haba." Na ari babur na tafi.

Kwana biyu ke nan da saukar ruwan shuka, duk hanya mutane na gona, shanu na huɗa. Na same shi a rumfar ƙofar ɗakinsa a kan katifa. Fuskarsa ta kumbura, hannuwa sun rame. Sau biyu a mako Sale ke kai shi Zariya wankin ƙoda. Da ya gan ni ya ce, "A'a, ga mutanen Tarabulus. Na ɗauka kame ya biyo ka har Kafur."

Matarsa, Yaya Hansai, ta fito ta durƙusa tana yi mini godiya. Ta ce, "Malam Lawal, ya gaya mana komai. Ya ce ba don kai ba da a rairayi za a bar shi, kai ka goya shi. Allah ya saka, Allah ya raya maka zuri'a." Ta shiga ta kawo ruwan randa mai sanyi, cike da kwanon sha, ta ajiye a gabana.

Na ce, "Yaya Hansai, akwai maganar da ban..."

Ya katse ni. "Hansai, je ki duba tukunyarki." Da ta tafi ya ce, "Sha ruwanka."

Na ce ba na jin ƙishirwa.

"Sha mana, in kalla. Ni yanzu likita ya auna mini, kofi biyu a wuni. Ga randa cike, ga rijiya a tsakar gida. Ka ga ikon Allah."

Na ɗauka na kai baki, ruwan ya ƙi wucewa. Na ajiye na ce, "Yaya, bari in gaya musu. Ni na jawo maka wannan."

Ya ce, "In ka gaya musu me zai ƙaru? Kai ka samu sauƙi a ranka, su su samu wanda za su tsana, ni in rasa mai zuwa gaishe ni. Ciwo dama yana jikina. Kuma ba ƙwacewa ka yi ba, ni na ba ka. In na tafi ka gaya wa wanda ka ga dama, amma ba yanzu ba." Ya huta kaɗan, numfashi na yi masa wuya. Sannan ya ce, "To ya aka yi, ta ji daɗinsa?"

Na ce ta ji.

"Maƙwabta sun gani?"

Na ce sun gani.

Ya ce, "To madalla. Da ya lalace a hanya da na fi jin haushi."

Da zan tafi Yaya Hansai ta rako ni ƙofar gida. Na tambaye ta gonar da na wuto a bakin hanya, wadda ciyawa ta fara rufewa, ta wa ce. Ta ce tasu ce. Sale kullum yana hanyar asibiti, 'ya'yansu mata ne duk suna gidan aure, masu shanu kuma an riga an kame ranakunsu. Ta ce, "Bana dai sai yadda Allah ya yi."

A wajenmu in ruwan shuka ya sauka, mai shanun huɗa ya fi hakimi wuyar gani. Rana yake ba ka, in ta wuce ka sai ka koma ƙarshen layi, kwana goma ko fiye, kuma masarar da aka shuka a makare kowa ya san yadda take ƙarewa. Tawa ranar washegari ce, wurin Malam Iro mai shanu, tun kafin ruwa na kama ta. Wannan ce daminata ta farko tun dawowata, da ita muke sa ran ganin hatsi a rumbu.

Da marece na gaya wa Rabi shanun ba gonarmu za su je ba, gonar Yaya Garba za su. Ta ajiye muciya ta ce, "Tamu fa?" Na ce ta jira. Ta ce, "Malam, zumunci daban, abincin yara daban. In an girbe ka kai musu masara ko tiya nawa ce, ba zan hana ba. Amma ranar huɗa? Tun da ka tafi da tiya muke sayen hatsi." Duk abin da ta faɗa daidai ne, kuma amsar da nake da ita an hana ni bayarwa. Ta shiga ɗaki ta bar ni da tuwo a zaure, ranar ba ta sake yi mini magana ba.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki irin masarar da na tanada, na ɗora a ka, na je ƙofar gidan Malam Iro. Ya fito da shanu ya kama hanyar gonata. Na ce masa ba nan ba, hanyar Danja za mu bi. Ya ce tafiyar awa biyu ce, shanu za su gaji kafin su fara. Na ce na sani. Na shiga gaba, suka biyo ni.